Burbushin Roba a Ruwan Sha: Ina Matatun Ruwa Suka Tsaya?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau kan burbushin roba ne, wato gutsattsarin leda da gora da zaren tufafin roba da ba su kai milimita 5 ba, galibinsu ma ido ba ya ganinsu. Rana ce ke ragargaza ledar da aka yar a kwata, ruwan sama ya kwashe ta zuwa kogi, daga kogin nan kuma matatar ruwa ke ɗiba.

Hankalin mutane ya tashi a 2017, lokacin da wani bincike da ƙungiyar 'yan jarida ta Orb Media ta ɗauki nauyi ya gano zaren roba a kashi 83 cikin 100 na ruwan famfon da aka auna daga ƙasashe daban-daban. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahotonta, ta ce a iya abin da aka sani, haɗarin bai kai na tayar da hankali ba, amma a ci gaba da bincike. Ta kuma tuna mana cewa mutane wajen biliyan 2 na shan ruwan da bayan gida ya gurɓata, kuma wannan shi ke kisa yau da gobe.

To me matata ke iya yi? A 2018 masana a Jamhuriyar Cek sun auna ruwan matatu uku, kafin tacewa da bayanta, suka tarar ana cire tsakanin kashi 70 zuwa 83 cikin 100 na burbushin. Abin lura, babu ɗaya cikinsu da aka gina don roba. Aikin da aka saba ne: a zuba alif ko makamancinsa, dattin ya dunƙule ya kwanta a ƙasan tanki, ruwan ya bi ta cikin yashi, a wasu wuraren ya bi ta gawayi, sannan a sa kulorin. Duk matar da ta taɓa jefa alif a randa ta ga laka ta kwanta ta san rabin wannan ilimi. Gutsattsarin robar da ke tsira su ne mafiya ƙanƙanta, 'yan ƙasa da maikiromita 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Su sai matatar zamani mai matsattsun ƙofofi, mai cin kuɗi da lantarki.

A nan nake jan kunnen hukumomi. Ba za a rasa ɗan kwangilar da zai zo da takarda ya ce sai an sayo sabuwar na'ura daga Turai ba. A ganina, matata irin ta Tamburawa a Kano ko ta Gudel a Yamai, abin da ta fi buƙata shi ne alif kada ya yanke, a wanke yashi kan lokaci, wuta ta tsaya. Matatar da ke kawar da laka da ƙwayoyin cuta yadda ya kamata, da wannan aikin take rage roba.

Sannan ruwa ba a matata yake ƙarewa ba. Yawancinmu ta jarkar ɗan ga-ruwa yake iso mana, ko ta ledar fiya wata da ta yini a bayan mota cikin rana. Masu kuɗin sayen ruwan gora ma kada su saki jiki: a farkon 2024 masana a Jami'ar Kolombiya ta Amurka sun ƙirga gutsattsari kusan 240,000 a lita ɗaya ta ruwan gora.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba. Robar da aka tace ba ɓacewa ta yi ba, tana cikin lakar da ta taru a tanki da ruwan da aka wanke yashi da shi. Idan aka mayar da su kogi, garin da ke gaba ne zai ɗiba. Idan aka zuba a gona, damina za ta dawo da su. Ya kamata hukumomin ruwa na jihohinmu su fito su gaya wa jama'a inda suke kai wannan laka, 'yan majalisar da ke amincewa da kasafinsu kuma su nemi amsar a rubuce.