Yadda Ake Ɗaukar Hoton Namun Daji a Yankari

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa.

Ku dubi hoton nan da ke gabanku. Giwa ce da ɗanta a bakin kogin Gaji, hasken yamma ya bugi gefen jikinta har kana iya ƙirga layukan fatarta. Duk wanda na nuna wa, tambayarsa ɗaya ce: wace irin kyamara ce wannan? Har yau ba wanda ya tambaye ni awa nawa na yi a zaune cikin mota, inji a kashe, ƙudan tsando na cizo na. Alhali kuwa a wannan zaman ne hoton ya samu. To, a kan wannan za mu yi magana yau.

Yankari tana ƙaramar hukumar Alƙaleri ta jihar Bauchi, faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, sannan a 2006 aka mayar wa jihar Bauchi abinta. Daga ƙofar Mainamaji zuwa sansanin Wikki, inda baƙi ke kwana, tafiyar sama da kilomita 40 ce cikin daji, saboda haka tun daga ƙofa ka fito da kyamara daga jaka ka ɗora ta a cinya.

Abu na farko shi ne zaɓen lokacin zuwa. Da damina dajin yana da kyawun gani, ko'ina kore shar, amma ciyawa takan fi mutum tsayi, kuma ruwa na kwance a kowane kwari. Dabbar da ta sha ruwa a inda ta kwana, me zai kawo ta bakin hanya? Sai rani ya tsananta, daga Fabrairu zuwa Afrilu, tafkuna sun ƙafe, ganye ya kaɗe, sannan ƙishirwa ke koro kowa zuwa kogin Gaji. Babbar giwa tana iya shan fiye da lita 100 a yini, ba ta da zaɓi sai ta zo. Ɓauna ma haka, da gwanki, da kanki, da gwambaza. Akwai zafi ƙwarai a watannin nan, ba zan ɓoye muku ba, amma su ne watannin mai neman hoto.

Watannin hunturu, Disamba da Janairu, nasu salon daban ne. Hazo yakan shafe duk abin da ke nesa, tudu ya zama kamar inuwa. Wasu kan ce lokacin bai dace da hoto ba, ni ban yarda ba. Idan rana na gab da faɗuwa cikin hazo, sai ta zama jan faifai a sararin sama. Ka samu busasshiyar bishiya a tsakaninka da ita, tsuntsu ɗaya a kan reshe, ka gama. Sai dai ƙura maƙiyiyar kyamara ce. Kada ka kwance lensi a fili, kuma ka riƙa lulluɓe ta da rawani ko tsohon zani idan mota na tafiya.

Sai batun haske. Mu nan kusa muke da tsakiyar duniya, rana ba ta jan ƙafa wajen hawa. Hasken nan mai laushi, ruwan zinariya, ɗan lokaci ne bayan fitowar rana, sai kuma bayan la'asar sakaliya. Ka yi sallar asuba ka shirya, ka shiga fita ta farko ta zagaya daji da mota. Da tsakar rana haske daga bisa yake sauka, idon dabba ya faɗa cikin inuwa, giwa ta fito kamar tulin toka. Su kansu dabbobin a lokacin suna ƙarƙashin duhuwa suna hutawa. Idan kun tsaya, ka roƙi direba ya gyara tsayuwa yadda rana za ta kasance a bayanka ko a gefenka, sannan ya kashe mota, don girgizar inji kaɗai ta isa ta ɓata hoto.

Yanzu saitin kyamara, a taƙaice. Abin da ya fi kashe hoton namun daji shi ne motsi. Idan dabba na tafiya, ka sa ƙiftawar kyamara, wato tsawon lokacin da take buɗe ido ta ɗauki hoto, a kan 1/500 na daƙiƙa. Tsuntsun da ke shirin tashi kuwa, 1/1000 ko fiye, kuma za ka buƙaci hakan, don an ƙirga nau'in tsuntsaye sama da 350 a dajin nan. Idan haske ya yi ƙaranci ka ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, kada ka ji tsoro. Gara hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa da wanda ya yi dishi-dishi. Lensi mai milimita 300 ko 400 ya wadatar. Ƙafar kyamara ba ta da amfani a cikin mota. Ka samu safa mai kauri ka ɗura mata wake ko shinkafa, ka ɗaure bakin, ka aza a kan tagar mota, lensi ya kwanta a kai. Kuma a kan ido ake saiti. In idon dabba ya fito tar, mai kallo zai yafe sauran.

Mai waya fa? Kada ka ja zum har ƙarshe, yawanci yanka hoton kawai wayar ke yi ta faɗaɗa shi, ya fito a dame. Ka bar dabbar ta zama ƙarama a cikin fili mai faɗi, kogi a gaba, bishiyoyi a baya, garke na ƙetarawa. Irin wannan hoton yana nuna inda dabbar ke rayuwa, kuma waya ta iya shi sosai.

Bari in ɗan tsaya a kan giwa, domin a nan ne na fi ganin ana kuskure. Ganinta bai da ƙarfi sosai, amma hancinta da kunnenta ba a magana. Maharban da can sukan ɗebi ƙura su sake ta don su ga inda iska ta nufa, kai ma ka yi haka. In iska daga wajenta take busowa zuwa gare ka, za ta ci gaba da harkarta. In ta ɗaga hanci sama tana juya shi, ta shinshino ku. In ta baza kunnuwa, ta ɗaga kai tana girgizawa, to magana take yi: kun matso da yawa. A ja da baya, musamman in akwai ɗa a tare da ita. Na taɓa ganin wani baƙo yana buga jikin mota wai don giwa ta waiwayo. Ta waiwayo ɗin, amma cikin firgici ta tura ɗanta cikin duhuwa, garken duka ya bar ruwan bai gama sha ba, a rana irin ta Maris. Abin ya daɗe yana damuna. Kada ka yi ihu, kada ka kunna filas, kada ka sauka daga mota sai jami'in daji da ke tare da ku ya ce a sauka. Shi ya san sawu, ya san kashin da bai daɗe da faɗuwa ba, ka saurare shi.

Giwayen Yankari, a ƙiyasin masu kula da su, tsakanin 100 ne da 150, kuma suna cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya. Masu farautar haure ma suna da waya. Don Allah, ka kashe alamar wuri a kyamarar wayarka, kuma kada ka saka hoto a Facebook nan take kana bayyana daidai inda ka ga garke. Ka bari sai ka dawo gida.

Tufafi kuwa, ka guji baƙi da shuɗi, su ne launukan da ke jan ƙudan tsando. Ruwan ƙasa ko launin kaki mai dogon hannu ya fi.

A sansanin Wikki akwai birai, bika manya-manya, da gadu masu yawo tsakanin ɗakuna. Sun saba da mutane, saboda haka a kansu ya kamata sabon shiga ya koyi hannu. Ka tsuguna daidai tsayin idonsu daga nesa kaɗan, ka jira uwa ta fara yi wa ɗanta tsifa. Amma ka rufe jakarka, kada ka riƙe leda a hannu, kuma kada ka ba su abinci don su matso.

Daga nan ka gangara matakala zuwa maɓuɓɓugar Wikki. Ruwan daga ƙarƙashin dutse yake fitowa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma garau yake har kana ganin yashin ƙasansa. Ka je da sassafe kafin masu wanka su motsa shi, lokacin da inuwar bishiyoyi ke kwance a kansa kamar madubi. In akwai mutane a ciki, ka nemi izininsu kafin ka ɗaga kyamara. Da dare kuma ka goge lensi, ka kwashe hotunan zuwa wani wuri, ka sa batir biyu a caji da zarar ka samu wuta, don fitar gobe ma da sassafe ce.