Yadda Ake Mayar da Waƙar Rok Kiɗan Badujala

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Waƙar rok mutum huɗu ko biyar ne suke yin ta, lasifika tana ɗaga musu sauti. 'Yan badujala kuwa sukan kai hamsin ko ɗari, suna maci a fili, ba su da abin dogaro sai numfashinsu. Wanda ya kwafo abin da ke cikin faifai tiryan-tiryan zai wahalar da su a banza. Aikin mai tsarawa rabo ne: wa zai ɗauki me, kuma zai iya ɗauka yana tafiya?

Idan waƙar tana da haƙƙin mallaka, a fara da neman izinin mai ita.

Daga nan sai yanka. Waƙar minti huɗu a mayar da ita minti ɗaya da rabi. A riƙe salon jitar nan da kowa yake gane waƙar da shi, baiti ɗaya, amshi sau biyu. Idan a faifai sautin yana raguwa ne a hankali har ya ɓace, dole ka rubuta ƙarshe da kanka, domin mutum ɗari a fili ba za su ɓace haka ba. Sauti ɗaya mai tsawo da bugun ganga a kansa ya wadatar.

Yanzu batun ki, wato matakin sautin da waƙar take zaune a kai. A nan masu farawa suka fi tuntuɓe. Masu jita suna son E, A da D saboda yadda aka ɗaure tsirkiyoyinsu. Amma kayan busa irin su turamfet da kilarinet a B-fulat aka ƙera su, alto sakisafon a E-fulat (fulat alama ce ta saukar da sauti rabin mataki). Ka bar waƙar a E, mai turamfet zai ga alamar shaf, wato ta ɗaga sauti rabin mataki, har 6 a takardarsa, mai alto zai ga 7. Yatsu za su riƙa sarƙewa, sautin kuma ba zai daidaita ba. Sauko da ita rabin mataki zuwa E-fulat: turamfet ya koma fulat 1, alto ba shi da ko ɗaya. Waƙar da ke A kuma a ɗaga ta zuwa B-fulat. 'Yan kallo ba za su lura ba, masu busa kuwa za su gode maka.

Karin waƙa na turamfet ne galibi, shi ne sautinsa yake ratsa fili. Sai dai mawaƙi yakan maimaita sauti ɗaya sau takwas don kalmomi suna sauyawa, kuma idan aka cire kalmomin abin gundura ne. A haɗe su zuwa uku ko huɗu. Lanƙwashe-lanƙwashen murya ma a rage, mutum ashirin ba za su lanƙwasa tare ba. Kada a ajiye turamfet a sama da G na saman layukan rubutun kiɗa na dogon lokaci, leɓe yana gajiya. A ba turambon da bariton, masu kaurin sauti, baitin, turamfet ya huta ya shigo a amshi da ƙarfinsa.

Jitar rok takan buga sauti biyu kawai, tushe da na biyar a samansa, na'ura ce take cika sauran. A bakin masu busa wannan zai fito fayau. Ka ƙara sauti na uku ka ba melofon, abin busa mai matsakaicin sauti, a tsakiya. Can ƙasa kuma a buɗe tazara, domin sautuka masu kauri idan suka matsu da juna sai su dagule.

Mai jitar bes ba ya buƙatar shaƙar iska, mai susafon, babban ƙahon da ke maye gurbinta, yana buƙata, ga kuma nauyin abin a kafaɗarsa. A huda masa layin da hutu, ko a raba su gida biyu suna karɓa-karɓa.

Sarewa da kilarinet, iska tana haɗiye su. Ko su bi karin waƙa a oktaf na sama, wato sautin nan dai amma a matakin da ya fi siranta, ko a ba su wurin da ƙarafa suka yi shiru. Duk wani ado da aka rubuta musu a ƙarƙashin amshi, babu mai jin sa.

Gangar rok ta mutum ɗaya ana rarraba ta. Ƙananan ganguna su riƙe bugu na 2 da na 4, manya huɗu ko biyar su raba bugun ƙafa a tsakaninsu, masu kuge su ɗauki ƙarar faifan ƙarfe.

Sai abin da kwamfuta ba za ta taɓa nuna maka ba. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Faɗin filin ƙwallon Amurka, irin wanda ake wannan maci a kai, ya kusa mita 49, don haka busar na baya tana iso gaba a makare da kusan kashi ɗaya cikin bakwai na daƙiƙa. A saurin bugu 120 a minti, wannan ya fi rubu'in bugu. Idan ka raba salo mai sauri tsakanin mutanen da ke nesa da juna, zai wargaje. Masu salo ɗaya su tsaya kusa, na gaba su saurari gangunan baya. Jimlolin kiɗa kuma su zo a ƙirga 8 ko 16, saboda takun maci 8 ne a kowane yadi 5, wuri mai wuyar busa kada ya faɗo lokacin juyawa.

MuseScore, manhajar rubuta kiɗa a kwamfuta, kyauta ce, ta isa a rubuta komai. Bayan gwaji na farko, ka tsaya inda 'yan kallo za su zauna ka saurara. Idan ba ka ji karin waƙa ba, kada ka ce a ƙara ƙarfi, rage masu rakiya. Duk inda ka ga ana yanke jimla don shaƙar iska, ka sa fensir ka buɗe hutun bugu ɗaya a wurin.