Fodkas: Aljanun ruwan Rasha da Cek a jikin tangaran

Zainab: Jama'a barkanmu da warhaka, yau Yaya Bashir ya zo mana da zancen tangaran, amma fa ba na jeren amarya ba.

Bashir: A'a, mutum-mutumi ne ake yi da tangaran na aljanun ruwan da ke tatsuniyoyin Rasha da Yukiren da Cek. Ɗaya daga cikinsu ita ce rusalka, wai budurwa ce da ruwa ya ci, sai fatalwarta ta riƙa fitowa bakin kogi gashi a sake tana tajewa, namijin da ya biyo ta ta ja shi ƙasan ruwa. Har mako guda suke da shi wajen farkon watan Yuni wanda a da ba a shiga kogi wanka a cikinsa don tsoronta.

Zainab: Kamar dai 'yan ruwan da ake ba mu labari muna yara. To me ya sa sai tangaran, ba dutse ko itace ba?

Bashir: Yauwa ƙanwata, nan ne abin ya burge ni. Tangaran in ya yi siriri haske na ratsa shi, ga sheƙin nan da ake shafa masa, kullum sai ki ga kamar yanzu ta fito daga ruwa. Amma wallahi aiki ne ja, farar ƙasa ce ake gasawa a wutar da ta haura digiri 1300, tana gasuwa tana tsukewa, gashin nan mai siririn zare da yatsu su ke fara tsagewa ko su lanƙwashe, aikin wata guda ya tashi a banza. Su Rasha sun daɗe a sana'ar, tun 1744 aka kafa masana'antar sarauta a San Fitasbag, Dmitry Vinogradov ne ya gano musu haɗin.

Zainab: Namiji fa, babu shi?

Bashir: Akwai, vodyanoy. Mutanen Cek suna ce masa vodnik, mai koren kwat da ruwa ke ɗiga daga gefensa, kuma shi a labarin nasu kansa kofunan tangaran masu murfi yake tarawa a ƙasan tafki, ciki yake rufe rayukan waɗanda suka nitse, yawan kofunansa shi ne arzikinsa.

Zainab: Innalillahi! To in wani ya ɗaga murfin fa?

Bashir: Ran ya kuɓuta ke nan, ya taso sama kamar kumfa, shi ya sa vodnik ba ya wasa da gadin kofunan.