Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu, Farfesan Likitancin Ido daga Najeriya, Wanda Aka Karanta a Garin Mai Wurno, Jihar Sinnar

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. Iyayenmu malamai, shehunan unguwanni, abokan aikina ma'aikatan lafiya, iyayenmu mata da ke can gefen rumfa, da babban baƙonmu Farfesa, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Dattawa sun ɗora mini karatun wannan takarda ba don na fi kowa iya magana ba. Ni ne dai mai zama a ɗan ɗakin duba ido, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ranka ya daɗe, sannu da hanya. Ka sauka a Bur Sudan, ka biyo ta Kasala da Gadarif, a lokacin da mutane da yawa ke neman hanyar fita daga ƙasar nan, kai kuwa ka nemi ta shigowa. Zumunta a ƙafa take. Tafiyar da ka yi cikin 'yan kwanaki, kakanninmu shekaru suka yi suna yin ta. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka fuskanci gabas, har Allah ya sauke su a wannan gaɓa ta Nilu a 1906. Saboda haka gida ka zo. Hausarmu dai ta sha ruwan Nilu, za ka ji Larabci ya ratsa ta. In yaro ya ce maka kahraba ta yanke, wutar lantarki yake nufi, kuma kalma ce da za ka ji ta sau da yawa kafin ka koma.

Mun samu labari aikinka a kan na'urar nan ne da likitoci ke kira OCT, mai ɗaukar hoton bayan ido, kana tare da masu neman ta ƙara sauri ta kuma rage jiki. Ka yi mini izini in faɗa wa iyayenmu mece ce ita, in na yi kuskure ka gyara mini, gaban malami nake.

A can ƙarshen ƙwayar ido akwai wani tantani da hoto ke sauka a kansa. Kaurinsa a tsakiya bai wuce rubu'in milimita ba, kamar a jera silin gashi uku ko huɗu, amma hawa-hawa ne, kowane hawa da aikinsa. Fitilar da nake haskawa a idonku samansa kawai take nuna mini. Ita wannan na'ura tana nuna shi kamar an yanka gurasa ana kallon cikinta, ba wuƙa ba allura, ko taɓa idon ba ta yi. Dabararta irin ta hoton cikin da ake yi wa masu juna biyu ce, sai dai can sauti ake aikawa a saurari dawowarsa, nan kuwa haske. To haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, ba agogon da zai auna zuwansa da dawowarsa a cikin ido. Sai aka raba shi biyu, rabi ya shiga ido, rabi ya tafi wajen madubi, in sun dawo a gwama su. Duk wanda ya taɓa jefa tsakuwa biyu a kogi ya ga yadda igiyoyin ruwan ke karo, wani wuri su tashi wani wuri su kwanta, ya ga asalin abin. Daga wannan karo ake lissafa zurfin kowane hawa. Masana uku a jami'ar MIT ta Amurka, James Fujimoto da David Huang da Eric Swanson, su da abokan aikinsu suka bayyana wa duniya wannan dabara a 1991, aka fara sayar da na'urar a 1996, kuma a 2023 aka ba su ukun lambar yabo ta Lasker.

Yanzu maganar sauri, wadda ni da idona na ga amfaninta.

Shekarun baya, kafin yaƙi, na raka gwaggona Khartum. Ciwon suga ya daɗe a jikinta, ta fara cewa in ta dubi layin Alƙur'ani sai ta ga ya karkace. Wurin da muka je tsohuwar na'ura suke da ita. Aka ce ta ɗora haɓa, ta kafe ido a kan ɗigon haske, kada ta ƙifta. Tsohuwa mai rawar kai, ga gajiyar mota ta wajen kilomita 300, ga tsoro. Sau shida ana ɗauka hoton yana fitowa a karye, har mai ɗaukar ya fara tsaki. Na ji haushinsa a ranar. Daga baya na gane ba laifinsa ba ne, ba kuma nata ba. Ido ba ya tsayawa cak, ko na saurayi ne. Yana ɗan zillo da kansa, bugun zuciya ma yana girgiza shi. Irin waccan na'ura madubinta sai ya yi tafiya gaba da baya kafin a auna wuri ɗaya, shi ya sa wadda ta fi shahara cikinsu, Stratus ta kamfanin Zeiss da ta fito a 2002, awo 400 take yi a daƙiƙa. Masuntanmu za su gane: fatsa ke nan, kifi ɗaya-ɗaya. Wajen 2006 aka shigo da masu birgi. Madubi ya tsaya wuri guda, hasken da ya dawo a baza shi kamar bakan gizo, kwamfuta ta karanta dukan zurfin a jefa ɗaya. Awo ya haura 20,000 a daƙiƙa. Bayansu aka samu masu leza mai sauya launi da kanta, suna yin 100,000, kuma haskensu ya fi ratsa yanar ido, wadda ta yi wa tsofaffinmu yawa. A ɗakunan bincike har an kai miliyoyi. Da wannan gudu ne ake iya ɗaukar wuri ɗaya a jere a ga inda jini ke motsi, a zana ƙananan jijiyoyi ba tare da an ɗura wa mutum rini a hannu ba. Ni dai abin da na fahimta da waɗannan lambobi shi ne, da gwaggo ta samu irin wannan, kafin kanta ya kaɗa an gama.

Sauri ya samu, ranka ya daɗe. Inda muke jiran ku shi ne jiki. Na'urar da aka saba da ita teburi guda ce, tana son ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya, kuɗinta dubban daloli masu yawa. Dole mara lafiya ya je inda take. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 kuwa, zuwa Khartum ya zama abin da ba kowa ke iyawa ba, likitoci da dama sun watse, masu suga suka yi watanni ba wanda ya leƙa idonsu. Shi kuwa suga da hawan jinin ido ba sa sallama. Ba zafi, ba ja, sai mutum ya wayi gari gefen ganinsa ya tafi, kuma abin da jijiyar gani ta rasa ba ya dawowa.

Mun san an fara. Akwai ta hannu da ake duba jarirai bakwaini da ita suna kwance. Ɗakin binciken Adam Wax a jami'ar Duke ya haɗa wata mai sauƙin nauyi da araha. A 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wadda tsoho zai ajiye a gida ya duba kansa. Wasu kuma suna ƙoƙarin dunƙule madubai da hanyoyin hasken duka a kan ɗan guntu kamar na cikin waya. Duk mun yi murna. Amma zan faɗi ra'ayina ko da zai yi ɗaci: ba ma bukatar wadda ta fi kowace kyan hoto. Mun yarda hoton ƙarama ya gaza na babba, in dai zai nuna mini akwai ruwa a tantanin ko babu, in san wa zan tura birni yau, wa zai iya jira bayan girbin dawa. Ku yi mana wadda za ta hau raksha, babur ɗin nan mai ƙafa uku, ta je ƙauyukan bakin kogi, ta ci batir ko hasken rana, ta jure zafin da ke wuce digiri 40, ta jure ƙurar guguwar habub. Wanda bai taɓa share gilashi bayan habub ba ba zai san abin da nake faɗa ba.

Akwai wani roƙon da sai irinka zai iya kai shi. Na'urar tana gwada jijiyar mutum ne da ma'aunin idanun da aka tara mata tun a masana'anta, sannan ta ba da kore ko ja. An tabbatar hawan jinin ido ya fi kama baƙar fata, ya fi kama su da wuri, kuma fasalin kan jijiyarmu yakan bambanta da na Turawa. In kun zauna tara ma'auni, a sa idanunmu a ciki. Ga mu nan, ga 'yan'uwanmu na Gadarif da Damazin da Jazira, ba za mu ƙi ba.

Sai na ƙarshe, wanda ya fi mini nauyi. Hoto ba ya warkarwa. In na ga ruwa a idon tsohuwa, allurar cikin ido take bukata, ba sau ɗaya ba, ko ƙonawa da leza, kuma ba ni da ko ɗaya. Muna roƙo ka haɗa mu da likitocin da za su riƙa karanta hotunanmu ta waya su ce mana ga abin yi, ka kuma karɓi biyu daga cikin yaranmu, mace da namiji, su koyi aikin har da gyaran na'urar, don kada ta lalace ta koma abin ɗora tulu.

Gobe da hantsi in Allah ya kai mu, iyayenmu masu suga za su hallara a ɗakin duba ido. Na rubuta sunayensu, gwaggo ce ta farko, ta ce ba ta yarda kowa ya riga ta ba. Yau kuwa hutu ne. Akwai tuwo, akwai kisra in kana son ɗanɗana abin nan ƙasar, jabana kuma, wato gahawarmu, tana kan wuta.

Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa Sarki lafiya, ya zaunar da Sudan da Najeriya lafiya, ya mayar da kai ga iyalinka kamar yadda ka baro su. Farfesa, bismillah, ga lasifika.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.