Renon Yara a Ingila: Aikin Gida Guda Ya Koma Kan Mace Ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, malamanmu, 'yan uwa, sannunku da zuwa, sannunmu da sanyi.

A gida yaro ba na uwarsa ba ne ita kaɗai. Akwai kaka, akwai gwaggo, akwai facala, ga malamin allo, ga maƙwabcin da zai tsawata masa a ƙofar gida ba tare da ya nemi izinin kowa ba. A nan Ingila duk wannan aiki ya tattaru a kan mace ɗaya cikin ɗaki biyu da falo, mai gida kuma yana aikin dare. In ba mu sake rarraba shi da gangan ba, uwa za ta gaji, yaran kuma su taso yadda suka ga dama.

Abin da ya fi saurin kuɓuce mana shi ne harshe. Yaro yakan shiga aji na farko a watan Satumba bayan ya cika shekara 4. Daga nan yana yin sama da awa 6 kullum, kwana 5 a mako, cikin Turanci zalla. Kafin shekara ta zagayo, uwa za ta yi masa Hausa ya amsa da Turanci. Nan ne ake yin sake. Uwa tana sauri, tukunya na kan wuta, ta gane abin da yake nufi, sai ta wuce. Bayan 'yan watanni ita ma ta koma yi masa Turanci don a gama da wuri. Ƙanensa kuwa daga bakin yayansa zai koyi magana, shi ya sa a gidaje da yawa ɗan fari yana jin Hausa, na biyu sama-sama, auta ko gaisuwa sai an ja shi.

Faɗa ba ya gyara wannan. A ware lokuta uku da ba a Turanci: wajen cin abinci, wajen wanka, da hanyar makaranta. In ya ce yana son ruwa da Turanci, ki maimaita masa da Hausa, ki jira ya faɗa, sannan ki miƙa masa. Kiran bidiyo da kaka kada ya tsaya a "ina wuni, lafiya lau". A roƙe ta tatsuniya ɗaya duk mako, ko ta Gizo da Ƙoƙi ce, washegari yaron ya maimaita wa babansa. Lokaci ma bai hana ba, domin daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da Najeriya da Nijar, sauran watanni awa ɗaya suka fi mu. Kada kuma wani ya tsorata ki cewa harshe biyu ke jinkirta magana. Ba haka ba ne. Amma in yaro ya wuce shekara 2 bai fara haɗa kalma biyu a kowane harshe ba, ki ɗauki jan littafinsa na lafiya ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya lokacin duba shi.

Sai horo, kuma ina roƙon iyaye maza su buɗe kunne. Sikotlan ta haramta dukan yaro baki ɗaya a 2020, Wales ta bi baya a 2022. A Ingila ma dukan da ya bar shaida a jiki laifi ne, kuma malamar da ta ga tabo ko ta ji daga bakin yaro dole ta kai rahoto. Saboda haka bulala, wayar caja da muciya a ajiye su. Abin da ke aiki shi ne hukunci ƙarami da ba a fasawa: an karɓe wayar wasa yau, an karɓe ke nan, kada baba ya dawo ya mayar. Kuma don Allah a daina cewa "zan mayar da kai Najeriya". Wanda aka yi shekara goma ana yi masa barazana da ƙasarsu, ta yaya zai so ta?

Doka ba ta yanke shekarun barin yaro shi kaɗai a gida ba, amma barinsa cikin haɗari laifi ne, kuma ƙungiyar kare yara ta NSPCC ta ba da shawarar kada a bar ɗan ƙasa da shekara 12 na dogon lokaci. Wato 'yar shekara 9 ba za ta riƙe jariri ki je kasuwa ba, ko da a gida haka muka taso.

Ta fuskar lafiya abu ɗaya zan tuna mana: ranar ƙasar nan ba ta ishi fatarmu ba. Yaro daga shekara 1 zuwa sama a ba shi bitamin D, maikirogiram 10 kullum, mu manya ma haka.

Tafiya gida tana da nata lissafi. Cire yaro daga makaranta ba izini na iya jawo tarar fam 80 kan kowane mahaifi a kowane yaro, ta koma fam 160 in ba a biya cikin kwana 21 ba. Mai 'ya'ya uku, shi da matarsa fam 480 ke nan. Babban hutu kuma, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, tsakiyar damina yake faɗawa, lokacin da sauro ya fi yawa, kuma yaran da aka haifa a nan jikinsu bai san zazzaɓin cizon sauro ba. A je asibiti mako 6 zuwa 8 kafin tashi, a karɓi maganin rigakafi, a gama shan sa har bayan an dawo, don nan ne mutane ke yankewa. In yaro ya yi zazzaɓi bayan dawowa, abu na farko da za a gaya wa likita shi ne inda aka je.

A shekara 11 ake shiga sakandare, kuma ranar 31 ga Oktoba ta shekarar ƙarshe a firamare ake rufe neman gurbi. Wanda ya makara sai abin da ya rage. Daga nan yaro zai fara hawa bas shi kaɗai, waya ta shigo hannu. Ta kwana a falo, ba a ƙarƙashin filo ba. Da hunturu magariba tana yi kafin ƙarfe 4, Azahar da La'asar duk a makaranta suke riskarsa, don haka uba ya rubuta wa makaranta ya nemi wurin salla. Iyaye mata kuma, a yi wa yarinya bayanin jinin al'ada tun tana shekara 9, kada kunya ta sa ta fara ji daga ƙawaye.

Abin da kwamiti ke nema yau abu biyu ne. Gida uku-uku da ke unguwa ɗaya su haɗu su riƙa karɓa-karɓa wajen kai yara makaranta da ɗauko su, har da zama da mai jego. Sannan ajin Hausa na awa 2 duk Asabar, wanda masu koyarwa a cikinsa sai an yi musu binciken DBS, wato binciken hukuma kan ko mutum yana da tarihin laifi. Takarda tana bakin ƙofa, kowa ya rubuta unguwarsa da shekarun yaransa, kuma layin maza daban muka ja.

Na gode. Wassalamu alaikum.