Ya Daina Ɗingishi, Shi Ke Nan Ya Warke?

[Filin sukuwa, ƙura ta tashi, dawaki na fitowa daga kwana]

Jama'a, assalamu alaikum. Tun makon jiya kuke ta turo mini bidiyon nan a WhatsApp: ingarma ya sha kwana, ya rage gudu, ya tsaya yana ɗage ƙafar gaba. Wani ya ce kambun baka ne, wani ya ce laifin mahayi. Wadda ta tsaya mini a rai ita ce maganar wanda ya rubuta, "Ai ya taɓa wanga ciwo, kwana 20 ya warke sarai." To, ciwon jijiyar ƙafa ne, kuma kan wannan "sarai" ɗin za mu zauna yau.

[Hannu na shafa bayan ƙwaurin doki]

Ku dubi nan. Daga gwiwa zuwa ƙasa, doki ba shi da tsoka, ƙashi ne da jijiya da fata. Jijiyar nan da ke kwance bayan ƙwauri ita ke miƙewa ta dawo kamar danƙo duk taku. Ƙafafun gaba ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa, a tsakiyar sukuwa kuwa akwai lokacin da nauyin duka ke sauka kan ƙafa ɗaya. Ƙasar rani mai tauri, yashin da ƙafa ke lumewa ciki, kofaton da aka bari ya yi tsawo, juyin gaggawa a wasan folo, zamiya ran hawan Sallah. Irin waɗannan ke sa wata rana zaren cikin jijiyar su tsinke.

Ranar farko ba ta da wuyar ganewa: kumburi, ɗumi, ka matsa ya janye. Ruwan sanyi minti 20, sau biyu ko uku a yini, a naɗe ƙafar, a kira likita. Man zafi kada a shafa shi, wuta ake kashewa.

[Doki a turke yana cin harawa]

Yanzu ga inda ake yin asara. Bayan mako biyu kumburi ya sace. Doki na taku daidai, yana haniniya, yana tonon ƙasa, har ya ciji yaron barga don ƙosawa. Maigida ya leƙo, ɗan kanzagi ya ce, "Ranka shi daɗe, ai a ɗaura sirdi." Wallahi na fahimci wannan zumuɗi. Wanda ya zuba gero da kanwa da kuɗinsa yana son ganin dokinsa a fili.

Amma zafin ne ya tafi, raunin na nan.

[Igiyar guga a bakin rijiya, wasu zare sun tsinke]

Ɗauki igiyar guga da rabin zarenta ya tsinke daga ciki. A rataye lafiya lau take. Jefa ta rijiya, jawo cikakken guga, sannan ka san halinta. Jijiya ba ta samun jini sosai kamar tsoka, don haka gyaranta a hankali yake. Jiki kan cike gurbin da tabo, zarensa a hargitse, ba a jere ba. Da farko tabon ba ƙarfi, daga baya ya yi tauri amma ba ya miƙewa kamar na asali. Shi ya sa tsinkewa ta biyu ta fi faruwa a bakin tabon, sama ko ƙasa da shi, kuma sau da yawa ta fi ta farko muni. Likitocin dawaki kan ba irin wannan rauni wata 9 zuwa 12. Wata, ba kwana ba.

Allurar kashe zafi tana da ranarta, amma a yi wa doki ita don ya shiga fili, wannan zalunci ne, ni haka na ɗauke shi. Lalas ma, wato ƙona wurin da ƙarfe mai zafi, mun tarar da iyayenmu na yi, ban raina su ba. Sai dai in ka lura, dokin da aka yi wa lalas dole a bar shi ya huta watanni, kuma ina ganin hutun ne ke aikin.

[Yaro na jan doki da hannu da sanyin safiya]

Hutun ma ba ɗaurewa a manta ba ne. Ana jan sa da hannu minti 5 zuwa 10 a yini, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, don tafiyar ce ke jera zaren tabon. Sassarfa sai bayan watanni, kilisa can gaba. Mai ba da izinin kowane mataki shi ne hoton jijiyar da likita zai ɗauka. A nan Sakkwato muna da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a je a nemi shawararsu.

Gobe da asuba, kafin sirdi, shafa ƙafafun gaba biyun da tafin hannunka ka gwada. In ɗaya ta fi ɗumi, mai da sirdin marataya.