Tuƙin jiniya: abin da ake koya ma 'yan sandan sa kai kafin a ba su makulli

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar jiniya za mu yi, wato tuƙin motar gaggawa irin ta polis ko ta sapar pompiye ko ambilans. Za mu leƙa Ingila tukuna sannan mu dawo nan gida Maradi.

A Ingila akwai 'yan sandan sa kai, kuma ba 'yan banga ba ne fa. Mutum ne da aikinshi, malamin lakwal ne ko bakanike ko ma'aikacin banki, in ya tashi aiki ko ran hutu sai ya sa kaki ya fita sintiri, ba albashi sai ɗan abin da ya kashe a hanya ake maida mishi, amma ikon kama mai laifi daidai yake da na wanda ke cin albashi. A 1831 anka yi dokar da ta aza tushen tsarinsu, kuma galibi awa 16 ake nema gare su a wata.

To ga inda maganar take. Wanga mutum yana iya sa ma ɓarawo ankwa, amma ba ya iya kunna jiniya ya taka mota don kawai yana da permi. Tuƙin polis can hawa hawa ne. Na farko tuƙi ne kamar na kowa, ka bi doka ka tsaya a fe ruj. Na biyu shi ne na amsa kiran gaggawa da wuta da jiniya, horon shi yakan ci wajen sati 3 cur kullum cikin mota. Sai na sama, na manyan motoci masu ƙarfi. Shi na biyun ne ke ba 'yan sa kai wahala, don wa zai bar aikin da ke ciyar da iyalinshi sati 3 ba ko dala? Ga tsada kuma wajen rundunar. Shi ya sa sun daɗe suna zama kujerar gefe, ko da yake wasu rundunoni na tura su horon.

Mi ake koyarwa cikin satin ukun? Walla in kana zaton gudu ne ka yi kuskure, gudu ai kowane yaron gareji ya iya. Ido ake koyarwa. Ɗalibi na tuƙi malam na gefe, kuma dole bakin ɗalibi ya dinga faɗin duk abin da ya gani da abin da zai yi, ga mota tsaye hannun hagu akwai mutum ciki ƙila ya buɗe ƙofa na ja tsakiya, ga yaro bakin titi yana kallon wancan gefe na sassauta, ga kwana ba na ganin ƙarshenta na sauke giya, haka haka ba tsayawa har gumi ya keto mishi. Da ya yi shiru malam ya san idonshi ya kwanta bisa bonet. Wanga salon tuƙi ya samo asali daga makarantar tuƙi ta 'yan sandan Landan da anka buɗe a Hendon a 1935, lokacin da haɗarin motocinsu ya yi yawa.

Ƙa'idar da komi ke ratayuwa gare ta ita ce kar ka yi gudun da ba za ka iya tsayawa cikin tazarar da idonka ke gani fili ba. Mu yi lissafi kaɗan. Mota a kilomita 50 cikin awa tana cin wajen mita 14 duk sakan guda, a 100 wajen mita 28, kuma tsakanin ido ya gani da ƙafa ta kai ga birki sakan guda ya tafi. Bayan nan in ka ninka gudu biyu, tazarar birki ninki 4 take yi, ba 2 ba. Ribar kuma nawa ce? Tafiyar kilomita 5 a gudun 60 minti 5 ce, a gudun 80 minti 3 da sakan 45. Minti guda da 'yan sakanni ka samu, in ma hanya ta bari.

Wurin da ya fi kashe mutane shi ne karfur. Dokar Ingila ta yarda direban da anka horar ya wuce iyakar gudu kuma ya ƙetare jan wuta, amma ana koya mishi ya ɗauke ta kamar alamar ba da hanya. Zai sassauta har kusan tafiyar ƙasa, ya canza muryar jiniya don kunne ya farka, ya kalli tayar gaba ta motar da ke gefe ko ta tsaya da gaske, ya nemi fuskar direban ko ya gan shi, layi ɗaya ya buɗe sannan ya duba na biyu. In na gabanshi sun maƙale a jan wuta ba wurin kaucewa, sau da yawa kashe jiniyar yake yi ya jira, don kar tsoro ya tura wani cikin karfur a banke shi. Jiniya roƙon hanya ce yake yi, sai an ba shi. In ya yi ganganci kotu na jiranshi, kuma tun dokar 2022 ana auna tuƙinshi da na ƙwararren ɗan sanda mai irin horonshi.

Sai zuciya. An kira a rediyo an ce ana bugun abokin aikinka, jini ya hau kai, ƙafa ta nutse bisa totur ba ka sani ba. Malamai na sa ido sosai ga wanga, ɗalibin da ya iya hannu amma kanshi ke zafi faɗuwa yake.

Yanzu mu ɗauko direban nan mu aje shi bakin babbar kasuwar Maradi da la'asar. Kabu kabu ta dama ta hagu, adaidaita ta tsaya tsakiyar gudron tana ɗaukar pasinja, amalanken jaki da buhunan gero wanda ba ya da madubi balle birki, awaki, yara 'yan talla, ga rairayi ya rufe bakin titi wanda taya ke sulɓewa bisanshi. Hanyar Dan Isa ko ta Tibiri kuma ga manyan kamiyo da shanu masu ƙetarawa. Ni a ganina direbobin gaggawa na nan sun fi na Landan bukatar irin wanga horo, kuma ba sai da kayan tsada ba, mota guda da malami mai haƙuri sun isa a fara koyon faɗin abin da ido ya gani.

Mu kuma masu hanya muna da namu rabo. In ka ji jiniya kar ka taka birki nan take tsakiyar titi, duba madubi ka san daga ina take, ka sa kilinyota ka ja dama a hankali ka tsaya inda za ta samu wucewa, kar cikin kwana. In ta wuce ka ɗan dakata, sau da yawa akwai ta biyu bayanta. 'Yan kabu kabu, dan Allah ku bar manne ma bayan ambilans don ta share muku hanya, direbanta na iya taka birki kowane lokaci kuma ba ya ganinku. In kuma ku ne da bukata, polis 17 ne, sapar pompiye 18, ku faɗi unguwa da wata alama sananna, masallaci ko famfo ko lakwal, sannan a tsaida yaro bakin gudron ya nuna musu lungun.